Noreen Vasko da Ciwon da Ta Ɗora wa Dolores

Kamfanin da ya mallaki shirin talabijin mai dogon zango, Garejin Gabas, ya dakatar da aikin tace kashinsa na ƙarshe, ya kuma kulle ɗakin da ake aikin. Hakan ya biyo bayan rasuwar Noreen Vasko, wadda ta ƙirƙiro shirin, ta shugabanci marubutansa, ta ja ragamarsa tsawon zango shida. Ta rasu ranar Talata, huɗu ga watan Maris, a gidanta da ke Glendale, tana da shekara hamsin da tara. Ciwon daji ne, ya fara daga ciki ya kama hanta. Ta bar mijinta Walt Brennecke da ɗansu guda, Emmett. Ban da likitocinta, babu wanda ya san tana ɗauke da ciwon sai da ya kayar da ita. Mijinta ma bai sani ba.

Na yi aiki a ƙarƙashinta zango uku kafin na koma aikin jarida. Abin da na gani da idona zan faɗe shi a haka. Abin da ya faru bayan na bar ɗakin marubutanta kuwa, daga bakin waɗanda ke ciki na ji shi, kuma ban rubuta komai a nan ba sai wanda mutum fiye da ɗaya ya faɗa mini.

Noreen, kin tsani a yabi mamaci da halin da ba nasa ba. Duk lokacin da wani cikinmu ya rubuta jawabin makoki a cikin shiri, sai ki soke rabinsa ki ce mamacin nan ya fi ƙarfin ɗan Adam, a nemo masa aibu ɗaya ya zama mutum. Zan yi ƙoƙari in bi wannan ƙa'ida taki.

A Youngstown ta jihar Ohio aka haife ki. Mahaifinki ya yi aiki a masana'antar ƙarfe har ranar da aka rufe ta, daga nan ya koma tuƙa bas ɗin birni. Kin taɓa ce mana a kujerar bayan bas ɗinsa kika koyi yadda mutane ke magana idan sun gaji, kuma cewa gajiyayye ba ya gama jimla. Iyakar abin da kika taɓa ba mu ke nan game da ƙuruciyarki. Kin zo Los Angeles kina da shekara ashirin da 'yan kai, kika fara da rubuta barkwanci a wani shirin ban dariya, ƙarƙashin wani dattijo mai suna Mort Lindqvist. Daga baya kika yi shekaru a shirye-shiryen 'yan sanda da na lauyoyi, kina rubuta wa wasu abin da suke so. Kin ƙirƙiro shiri uku naki na kanki, aka ɗauki kashin gwaji na kowannensu, aka ajiye, babu wanda ya fita. Sai da kika haura hamsin aka ba ki damar yin Garejin Gabas, labarin direbobin bas da bakanikai a wani garin da masana'antunsa suka mutu, da macen da ke shugabantar garejin, Dolores Tkach. Yvette Marchand ce ta fito a matsayin Dolores tun daga ranar farko.

Labarin Mort ne kaɗai kike maimaita mana, kuma ba don dariya ba. Zuciyarsa ta buga ana tsakiyar zango. Kika je asibiti duba shi, kika tarar kamfani ya aiko masa da furanni sun cika ɗaki. Da kika koma wurin aiki da yamma, kika ga mai fenti a durƙushe yana goge sunan Mort daga wurin ajiye motarsa, yana rubuta na wani. Mort ya warke sarai, ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, amma bai sake shugabantar shiri ba. Mukan ji labarin mu girgiza kai. Ba mu san darasin da kika ɗauka daga cikinsa ba.

Ni ta hanyar suka na shigo hannunki. Bayan zango na farko na rubuta sharhi a jarida, na ce direbobin Garejin Gabas sun cika wayo a baki, kamar duk sun yi jami'a. Washegari wayata ta yi ƙara.

"Kai ne ɗan jaridar nan mai baki?"

Na ce ni ne.

"Rabin abin da ka rubuta shirme ne. Ɗaya rabin kuma ya ɓata mini karin kumallo. Ka zo ranar Litinin ka gyara, tunda ka iya."

Na je. Har kika bar duniya ba ki taɓa kirana da sunana ba. Ɗan jarida nake.

A ranar farko kika shimfiɗa mini dokar ɗakin. Ba a shigowa hannu rabbana. Kowa zai kawo nasa: rabuwar aurensa, abin kunyar da ya yi yana yaro, maganar da uwarsa ta faɗa masa wadda har yau bai manta ba. Abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita ta bakin kowa, amma yana iya fita ta bakin Dolores ko wani direba. Kowane ɗakin marubuta a garin nan haka yake aiki, sai dai naki ya fi zurfi. Kina da kunnen da ke gane inda mutum ya fara yi wa labarinsa kwaskwarima, sai ki tsayar da shi ki ce ya koma baya ya faɗi na gaskiyar.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa shi ne Lyle Tabachnik, mataimakinki, wanda ya kasance tare da ke tun kafin a san za a yi shirin. Wata rana ya ba mu labarin ƙaninsa da ƙwaya ta kashe, har da takalmin da aka tarar a ƙafarsa, ɗaya ɗaure ɗaya a kwance. Kika sa shi a zango na biyu, har takalmin. Mahaifiyar Lyle ta kalla a gidanta a Fresno ba tare da kowa ya gargaɗe ta ba. Ina zaune Lyle ya shigo ya tsaya a kanki.

"Oga, ƙanina ne fa."

"Na sani. Shi ya sa ya yi kyau."

Ya yi watanni ba ya ce miki komai sai maganar aiki. Abin da bai sani ba sai daga baya shi ne, a ƙarshen makon nan kika tuƙa mota har Fresno, kika ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar, kika zauna a kicin ɗinta ta zage ki har ta gaji. Ba ki kare kanki ba. Ba ki kuma cire fitowar daga shirin ba. Duka biyun halinki ne, kuma ban san yadda zan raba su ba.

Mukan tsokane ki mu ce, ke kuma yaushe za ki kawo naki? Sai ki ce, "Ni ba ni da labari. Na auri mutumin kirki, na haifi ɗa mai cin tsiya. Ku ne masifaffu, shi ya sa na ɗauke ku." Muka yarda. Shekara da shekaru muna zuba miki rayuwarmu a kan tebur, muka saba da cewa ke mai karɓa ce, ba mai bayarwa ba.

Alherinki ba mai hayaniya ba ne. Babu rubutun da ya fita daga ɗakin nan ba ki sake shi da hannunki ba, wani lokaci daga farko har ƙarshe, amma sunan wanda ya fara rubutawa kike bari a kai shi kaɗai, alhali al'adar garin ta ba ki damar liƙa naki. Marubuta da dama da ke shugabantar nasu shirye-shiryen yau, da waɗannan sunayen suka samu shiga. A nan idan za a sallami mutum, wakilinsa ake kira, shi kuma ya ji a waya yana tsaye a layin kanti. Ke kuwa mota kike ɗauka ki je gidansa, ki gaya masa ido da ido, ki faɗa masa dalili, sannan ki kira mutum biyu ko uku ki nema masa wani wurin. Lokacin yajin aikin marubuta, kullum sai kin zo bakin ƙofar kamfani da ƙatuwar tukunya ta haluski, kabeji da taliya irin na gidanku, kina zuba wa marubuta da direbobi da kafintocin da yajin ya zaunar ba da laifinsu ba. Kina zubawa kina yi musu faɗa su ci da sauri kafin ya huce.

Akwai abu ɗaya da dole in ambata, domin yana da nauyi a kan abin da ake ciki yau. A zango na uku kamfani ya ce sai an saka wa 'yar Dolores wani kyakkyawan saurayi, in ba haka ba a rufe shirin. Duk mun ɗauka za ki tashi ki fita. Kika dawo daga taron kika ce mu nemo wa saurayin suna. Na ce miki wannan ai zubar da girma ne. Kika dube ni.

"Ɗan jarida, mutum wajen ɗari biyu ke ci daga garejin nan. Saurayi ɗaya ba zai shaƙe ni ba."

Na bar ɗakin a ƙarshen zango na huɗu. Abin da ke biye, daga Lyle da Yvette da wasu marubuta biyu da likitar shirin na ji shi.

A ranar farko ta zango na shida kika shigo kika ce wannan ne na ƙarshe, kuma Dolores za ta mutu. Za ta kamu da ciwo, za ta sani tun kashi na farko, ba za ta gaya wa kowa ba, za ta ci gaba da fitar da bas-bas kowace safiya har ranar da jikinta ya ƙi. Daga nan kika dinga shigowa da ƙananan abubuwa, mako bayan mako. Kofi zai fara yi mata ɗanɗanon ƙarfe. Tafin hannunta zai dinga ƙaiƙayi, ta riƙa goga shi a gefen tebur. Za ta ɗauki ƙusa a wurin bakanike ta huda sabon rami a bel ɗinta. Za ta sayi tabarau mai duhu saboda farin idonta ya fara komawa rawaya. Ciwon bayanta ba zai lafa ba sai ta tsaya ta sunkuya gaba ta dafa tebur da hannu biyu.

Ɗakin ya yi aikinsa. An tafa wa ƙusa da bel, aka ce wannan shi ne rubutu. Wata marubuciya ta ce ƙaiƙayin ba zai fito da kyau a hoto ba, a cire shi. Aka yi muhawara a kan ko tabarau ɗin ya zo a kashi na huɗu ko na shida. Lyle kuwa tushen labarin ne bai kwanta masa ba, ya kuma faɗa a ɗaki, ya maimaita a gaban manyan kamfani.

"Oga, wannan ba zai shiga ba. Mace mai hankali ta kwana ta tashi da wannan abu ba ta gaya wa kowa ba? Masu kallo za su tsane ta."

"Su tsane ta."

"Ko mutum ɗaya mana. Ko bakaniken nan da take zagi kullum."

"In ta gaya wa bakanike da safe, kafin abincin rana an karɓe makullan garejin daga hannunta an kawo mata furanni."

"Ni dai ban taɓa ganin irin wannan matar ba."

"Ka rage surutu ka ƙara kallo, Lyle."

Aka yi dariya, aka wuce zuwa fitowa ta gaba.

Shirin yana da likitar da ake biya ta duba ko bayanan cuta sun yi daidai. Ta gaya mini ba ta taɓa samun rubutun da ba ta da abin gyarawa a ciki ba sai wannan. Ta tambaye ki wa ya ba ki bayani, kika ce wata 'yar'uwarki ce a Ohio. Sannan kika tambaye ta, mace irin wannan, idan ta ƙi kwanciya asibiti, za ta iya aiki har bayan Kirsimeti? Likitar ta ce sai dai in mai taurin kai ce. Kika ce mai taurin kai ce. Likitar ta ɗauka maganar Dolores kuke yi.

Duk wannan lokacin kina zaune a gabansu. Kin fara sa tabarau mai duhu, kika ce hasken allon tacewa ne ke damun idonki. Kin daina sa baki a zaɓen abincin rana, abin da a da kike iya tsayar da aiki a kansa, sai suka dinga tsokanarki wai Oga ta shiga sahun jarumai masu gudun ƙiba. Idan ana tattaunawa sai ki tashi ki sunkuya ki dafa tebur da hannu biyu, har marubutan suka sa wa abin suna tsayuwar Oga, suna kwaikwayonki idan kin fita. Yvette ta ce mini da ta karanta a rubutu cewa Dolores za ta riƙa dafa tebur, sai ta ce a ranta ba sai ta yi nisa ba, ta zauna tana kallon yadda kike yi ta ɗauka. "Daga jikinta na sace shi," in ji ta, "har ina jin na yi wayo."

Waɗannan mutane ba sakarkaru ba ne. Kallon mutane ne sana'arsu, da shi suke ci. Suna iya gane ma'auratan da ke gab da rabuwa daga yadda suke miƙa wa juna gishiri a gidan abinci. Amma an horar da su cewa duk abin da aka ajiye a kan teburin nan kayan aiki ne, kuma tambayar da ake yi masa ɗaya ce: zai yi kyau a allo ko ba zai yi ba? Ke da kanki kika horar da su. Sau ɗaya tak kika bi dokar ɗakinki kika kawo naki, kika zube shi gaba ɗaya, suka yi masa gyara.

Na daɗe ina tunanin dalilinki, kuma ina jin ba shi da wuyar ganewa. A yarjejeniyarki da kamfani, maganar ƙarshe a kan yadda za a tace shiri taki ce muddin kina kan kujera. Ranar da kika sauka, komai na kamfani ne, domin a doka shi ne mai shirin, ba ke ba. Kin san ranar da aka ji kina ciwo za a sauke ki cikin ladabi da tausayi. Kin yi lissafin cewa za ki kai ƙarshe. Kaɗan ya rage.

A watan Janairu aka ɗauki fitowar ƙarshe. Safiya ce kamar kowace safiya. Dolores ta gama raba direbobi, ta fito ta zauna a benci a bakin ƙofar gareji, bas-bas suna fita ɗaya bayan ɗaya. Wani direba ya danna mata ham kamar yadda ya saba, ba ta ɗaga hannu ba. Bas na ƙarshe ya fita, hoton ya tsaya a kanta. Babu kiɗa, babu wanda ya rugo. A nan shirin ya ƙare. A tsakiyar Fabrairu, kina cikin tace wannan kashin, kika faɗi a ɗakin tacewa.

A barandar asibiti Walt ya ji labarin ciwon, daga bakin likitan da ya ɗauka ya daɗe da sani. Walt ya yi rayuwarsa yana ɗaukar sauti a wuraren ɗaukar fim kafin ya yi ritaya. Da na je gidan ya raka ni bakin mota, ya tsaya ya kasa komawa ciki.

"Aikina ke nan, in ji abin da wasu ba sa ji," in ji shi. "Ina iya jin ƙarar firiji daga gida na uku. Matata tana nishi a gefena, na ce mata mu sake katifa. Har rubutun na karanta. Na ce mata mijin Dolores ɗin nan gaɓo ne. Ta ce in ƙyale shi, mutumin kirki ne."

A wannan zuwan na gan ki gani na ƙarshe. Kin rame har na rasa inda zan ajiye idona. Kika ce, "Ɗan jarida, in ka tashi rubutu kada ka ce na yi jarumta. Ban yi yaƙi da komai ba. Aiki na je." Lyle na zaune a gefe. Kika ce masa ya ƙarasa tacewar, kada ya bari a sa kiɗa. Ya ce to. Ba ki ce masa komai game da kamfani ba. Ina jin ba ki zaci abin da zai biyo baya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne, labarin rasuwarki da yadda kika ɓoye ciwon ya bazu, mutanen da ba su taɓa kallon Garejin Gabas ba suka fara kallonsa tun daga farko. Kamfanin da ya amince a rufe shirin a zango na shida ya ga kuma yana son na bakwai. Ba a yin na bakwai ba Dolores. Gyaran da suke so ƙarami ne a takarda: a bar fitowar benci yadda take, a ƙara guda ɗaya a bayanta, ɗakin asibiti, Dolores ta buɗe ido. Sun miƙa wa Lyle kujerarki. Yarjejeniyar Yvette ta ƙare, kuma ta ce ba za ta dawo ta yi aiki ƙarƙashin baƙon shugaba ba, saboda haka komai ya rataya a wuyansa. Idan ya karɓa, za a canja ƙarshen, mutane su ci gaba da aiki. Idan ya ƙi, za a saki kashin yadda kika bar shi, a rufe gareji, kowa ya kama gabansa.

Ba su jira an share hawaye ba. Bayan an fito daga coci aka taru a zauren baya ana cin abinci. Walt ya dafa haluski da kansa, ya ƙone ƙasan tukunyar, kowa ya ci bai ce komai ba. A nan wata babba a kamfanin ta ja Lyle gefe, ta rungume shi, ta yi masa maganar. Kafin a kwashe faranti labarin ya zagaye zauren.

Ruben Zamudio, shugaban kafintoci, wanda ya gina garejin nan da hannunsa, shi ya fara tarar Lyle.

"Ka san ina ƙaunar matar nan. Ranar da matata ta haihu ita ta riga uwata zuwa asibiti. Amma bana babu aiki a garin nan, ɗan'uwa. Rabin mutanena sun koma gyaran kicin ɗin mutane, wasu sun bar garin. Ka tashe ta kawai. Ai ba Noreen za ka tayar ba, Dolores ce."

Yvette na kusa, riƙe da faranti.

"Ruben, ni na riga na mutu, kuma na mutu da kyau. Tun da na shiga sana'ar nan ban taɓa mutuwa irin wannan ba. Yanzu ku ce in buɗe ido in nemi ruwa?" Ta juya ga Lyle, ta rage murya. "In ka kira ni zan zo, don waɗannan mutanen. Amma kada ka kira ni."

Walt bai shiga maganar ba sai da Lyle ya je yi masa sallama. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ban ga fitowar ba tukuna. Ina so in gan ta yadda ta bar ta."

Na tarar da Lyle a wurin ajiye motoci, zaune cikin motarsa bai tayar ba. Na shiga na zauna.

"Ka san abin da matar kamfanin nan ta ce mini?" in ji shi. "Ta ce, ai kai ma ka faɗa a taro cewa masu kallo ba za su yarda da labarin ba. Maganata suka dawo mini da ita. Oga tana gaya mini tana mutuwa, ni ina ce mata labarin bai tsaru ba."

Na tambaye shi me yake ganin za ki yi da ke ce.

"Wacce daga ciki? Wadda ta haɗiye saurayin nan saboda mutum ɗari biyu, ko wadda ta ɓoye wa mijinta saboda fitowa ɗaya?"

Ra'ayina dai, tunda kin koya mini kada in ɓoye shi, a bar Dolores a kan bencinta. Ke kika biya kuɗin wannan fitowar da watannin ƙarshe na rayuwarki, da bankwanan da kika hana mijinki da ɗanki. Amma ni albashina daga jarida yake fitowa, ba daga gareji ba, kuma ba ni zan kalli idon Ruben ba. Duk wanda Lyle ya zaɓa, ba zan ɗaga alƙalami a kansa ba.

Ba zan ce miki kin kyauta ba, Noreen. Emmett ya taso daga Chicago ya tarar da uwar da ba ta iya gama jimla. Walt zai ƙare kwanakinsa yana sake sauraron abin da ya ji bai gane ba. Mutanen ɗakinki, waɗanda suka ba ki duk abin da ke cikinsu, kin bar su da tuna yadda suka riƙa kwaikwayon tsayuwarki suna dariya. Kin ji tsoron mai fenti fiye da yadda kika amince da su. Sai dai na san garin nan, na san kuma tsoronki ba na banza ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Duk da haka, kin kasance shugabar da ta san sunan kowa, daga jaruma har mai share fili. Kin koya wa mutane da yawa yadda ake sauraro. Kin sa gajiyayyun mutanen garinku a allo ba tare da kin yi musu ado ko kin raina su ba. Ni kuma kin ɗauko ni daga cikin masu suka kika nuna mini wahalar abin da nake suka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki abin da kika yi da gangan da wanda kika yi cikin tsoro. Ya sa wahalar da kika sha ke kaɗai ta zama sanadin hutunki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Walt da Emmett, ga 'yan'uwanki na Youngstown, ga Yvette, ga Ruben da mutanensa, da duk wanda ya taɓa zama a teburinki. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sassauta musu zargin kai. Shi kuma Lyle, Allah Ya dafa masa a kan abin da aka ɗora masa ba tare da ya nema ba.

Lyle ya gana da manyan kamfanin ranar Alhamis. Bai ɗauki wayata ba tun daga lokacin. Biyu daga cikin kafintocin sun shaida mini an ce su fito aiki ranar Litinin, za a gina ɗakin asibiti mai gado ɗaya da taga. Na nemi kamfanin ya tabbatar ko ya musanta. Har zuwa lokacin da na miƙa wannan rubutu, bai ce komai ba.